Korau da Adakar Kawu Shekarau

A Gangaren Marke, a gidan ƙarshe kafin a gangara rafi, akwai wani tsoho da ake kira Malam Shekarau. Yana saurayi ya yi aikin awon gyaɗa a kanti, a zamanin da ake biyan manomi da sule da sisi. Shekarar da aka canja kuɗi aka koma naira, kowa ya ruga ya kai nasa aka musanya masa, shi kuwa ya ware 'yan kaɗan ya zuba a wata ƙaramar adaka, don kawai ba ya son rabuwa da su. Daga nan abin ya bi masa jiki. Duk ranar Laraba sai ya tafi kasuwar Tudun Ƙirya, ya wuce 'yan hatsi, ya wuce 'yan dabbobi, ya nufi can ƙarshen kasuwa inda ake baza tsofaffin kaya a kan buhu, makullan da ba su da mabuɗi, da fitilun ƙwai fasassu, da rediyon da ya daina magana tun kafin a haifi mai sayar da shi. A cikin wannan tarkace yake tsinto anini da taro da kwabo mai huji, a araha, daga hannun mutanen da ba su san abin da suke riƙe da shi ba. Jefi-jefi malaman makaranta ko mutanen birni kan zo su sayi ɗaya ko biyu, da haka gidan ke samun na gishiri da na mai. Shekara hamsin yana wannan, har adakar ta yi nauyin da sai da hannu biyu ake ɗaga ta.

Sai gwiwoyinsa suka gaza. Daga ɗaki zuwa zaure ma sai da sanda. Wanda zai aika kuwa mutum ɗaya ne a gidan, wato Korau, ɗan ƙanwarsa, wani ƙato mai shekara arba'in da 'yan kai. Korau ba ya ƙarya, ba ya mantuwa, kuma ba wanda ya taɓa ganin fushinsa. Abu ɗaya ne da shi: yadda magana ta fito daga bakinka haka take zama a kansa, ba ya ƙara mata, ba ya rage mata. Matarsa Tasalla ta daɗe da gane haka, takan auna kalma kafin ta aike shi ko da sayen albasa ne. Malam Shekarau bai koyi wannan ba, domin ya tsufa cikin maganar 'yan kasuwa, wadda ake faɗin rabi a bar maka rabi ka gane.

Wata rana, Larabar farko ke nan da aka aiki Korau, kawunsa ya ce ya nemo masa kwabo mai huji, kada ya kawo marar huji. Korau ya zaga layin tarkace sau biyu bai samu ba. Can sai wani mai tsofaffin makullai ya zazzage masa wani ƙoƙo a tafin hannu, ga 'yan sulalla na azurfa masu kan sarkin Ingila, ya ce ya kwashe duka a kuɗin da bai kai na kwanon gero ba. Korau ya jujjuya su. Ya ga komai nasu daidai ne, huji kawai suka rasa, kuma a ganinsa wannan ba abin da zai hana ciniki ba ne. Ya biya, ya je wurin mai facin keke ya ari ƙusa da guduma, ya zauna a gindin darbejiya ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kowanne a daidai kunnen sarki. Ya zura su a kaba ya kawo gida. Malam Shekarau ya ɗaga ɗaya sama, ya daɗe yana kallon sararin sama ta cikin hujin. Daga baya ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, kafin ƙusa ta taɓa su waɗannan za su iya ciyar da gidan wata guda.

Korau ya ce, "Dukkansu da huji, Kawu. Na duba."

Tsohon ya miƙa wa Tasalla kabar, ya ce ta kawar masa da ita daga gabansa.

Wata rana kuma sai ya ga ya kamata ya koya wa Korau ciniki. An ba shi labarin wani mutum da ya zo kasuwar da lambar soja ta yaƙin Bama, yana so, amma ya san mai ita zai tsauwala. Ya ce wa Korau in mutumin ya faɗi kuɗi mai yawa, ya juya ya kama hanya, kada ya tsaya sai ya kira shi. Korau ya je, ya tambaya, aka faɗa masa kuɗi, ya juya ya kama hanya. Bai yi taku goma ba ya ji mutumin yana cewa malam, malam, dawo mu daidaita. Korau ya ci gaba, don shi ba malam ake kiransa ba a kasuwa. Ya ji ana kiran mai shuɗiyar riga, ya duba ya ga masu shuɗiyar riga sun fi biyar. Ya ji ana kiran bawan Allah, ya ce a ransa wannan ai kowa ne. Ya fita kasuwa, ya haye gada, ya biyo hanyar Gangaren Marke, ya zo ƙofar gidansu ya wuce. Tasalla tana shanyar kuɓewa a ƙofar gida ta gan shi, ta bi shi tana tambayar ina zuwa. Ya gaya mata, yana tafe bai waiwayo ba, cewa ba a yarda ya tsaya ba, kuma ba ita ce za ta kira shi ba. Ta koma ta gaya wa tsohon. Malam Shekarau ya tuna abin da ya faɗa da safe kalma-kalma, sannan ya sa aka roƙi maƙwabcinsu mai babur ya je kasuwa ya ɗauko mai lambar. Sai bayan la'asar suka cim ma Korau, ya wuce ƙauye biyu, takalminsa ɗaya ya tsinke yana riƙe da shi a hannu. Aka gaya wa mutumin sunan, ya kira daga kan babur. Korau ya tsaya cak, ya juyo, ya tambaye shi nawa ya bari. Mutumin ya duba nisan da aka ɗauko shi, ya tuna rumfarsa da ya bari a hannun wani, ya ninka kuɗin da ya faɗa da safe.

Wata rana aka sake wani darasin. Kawu ya ce a bar zancen juyawa, abin da zai yi shi ne, duk abin da mai kaya ya faɗa, ya raba shi biyu. A ranar wani dattijo ne ya fito da takardar fam ɗaya, tsohuwa amma lafiyayya, daga cikin wani littafin da ya ajiye ta shekara da shekaru. Korau ya karɓa ya tambaye shi mene ne wannan. Dattijon ya ce fam ɗaya ce. Korau ya kama ta da hannu biyu ya raba ta biyu, a tsakiya, ba ɓangaren da ya fi wani. Sai da magana ta kai gaban sarkin kasuwa. Da aka tambayi Korau dalili ya faɗa, sarkin kasuwa ya juya fuska gefe na ɗan lokaci, kafaɗunsa suna rawa, sannan ya yanke cewa takarda ta zama ta Malam Shekarau a kan kuɗin da mai ita ya so. Tasalla ta liƙe ta da ƙaro. Tun daga ranar, in masu tarkace suka hango Korau, sai su tura abin takarda ƙarƙashin cinya.

Wata rana tsohon ya gaji da lissafa sunayen abubuwa. Ya ce wa Korau kawai duk abin da ya ga ya girme shi, shi Malam Shekarau, a kasuwar, ya kawo masa. Korau ya bi layi yana tambayar shekarun kowane abu, kwaɗo da buta da madubi, ba wanda ya iya faɗa masa. Har ya fara tunanin dawowa hannu wofi, sai ya iso wurin wani tsoho mai tufkar igiya, Baba Jatau, wanda haƙori ɗaya ya rage masa. Ya tsuguna ya gaishe shi, ya tambaye shi ko ya girmi Malam Shekarau na Gangaren Marke. Baba Jatau ya ce ranar sunan Shekarau da shi aka ci masa, kuma a lokacin ya riga ya fara gemu. Korau ya naɗe masa igiyoyinsa, ya goya shi, ya kawo shi har zaure ya sauke a kan tabarma. Baba Jatau bai ga laifin abin ba ko kaɗan. Ya ci tuwo malmala biyu, ya nemi goro a daka masa, ya gaya wa Malam Shekarau cewa ubansa ma haka yake da son tara abin da ba ya amfani. Bai tafi ba sai bayan sallar Juma'a, kuma Korau ne ya mayar da shi.

Wata rana, bayan an yi girbi, wani baƙo ya yi sallama a zauren. Sunansa Alhaji Sallau, dillalin tsofaffin kaya ne da ya fara zuwa kasuwar Tudun Ƙirya a watannin nan, mutum mai taushin murya da farin carbi. Bayan gaisuwa ya ciro wani ƙyalle ya kwance, ga dala guda uku, manyan azurfar nan masu hoton wata mace mai kumatu, waɗanda fatake suka yi ciniki da su tun kafin Turawa. Malam Shekarau ya yi shekara hamsin yana nema, guda ɗaya tak ya taɓa riƙewa, ita ma ba tasa ba. Ya gwada su duk yadda ya san ana gwadawa, ya same su na gaske. Alhaji Sallau ya ce irinsu tulu guda ne cike, wani manomi ya tono. Shi ba kuɗi yake so ba, ya ce, yana da masu neman ƙananan kuɗin Turawa a birni, in tsohon ya yarda a yi musaya, adaka da abin da ke cikinta a bakin tulu. Ya ce ba zai iya kawo tulun ƙauye ba saboda idon mutane, a ba Korau adakar ya kai masa bayan rumfar 'yan tukwane ranar Laraba. Duk kasuwa ta san halin Korau, Alhaji ma ya sani.

Tasalla ta ji zancen ta bayan zana, ta ce wa tsohon cikin ladabi ita dai hankalinta bai kwanta ba, adakar nan ita ce abin da gidan ke taɓawa in an shiga wuya. Ya ce mata ba ta san dala ba. Kwana uku yana zancenta, har abinci ya rage ci. Amma ranar Laraba da safe, da Korau ya ɗora adakar a ka ya kai bakin ƙofa, wani abu ya ɗan taɓa zuciyar tsohon. Ya kira shi ya ce, "Kada ka miƙa masa adakar nan sai ka san inda dalolin suka fito."

Abin da yake nufi, Korau ya tambaya, ya ji amsa, ya dawo masa da ita.

Korau ya sami Alhaji Sallau a bayan rumfar 'yan tukwane, tulun yana gefensa an ɗaure bakinsa da tsumma. Ya gaishe shi, ya tambaye shi inda dalolin suka fito. Alhaji bai shirya wa tambayar ba, kuma bai ga abin tsoro a mai tambayar ba, sai ya faɗi sunan da ya fi kusa da harshensa. Ya ce daga Kwarin Maje ne, a wani kufai. Ya miƙo hannu zai sauke adakar.

Korau ya ja da baya. Ya tsaya yana tunani. Ya san Tudun Ƙirya, don ya sha zuwa. Ya san garin su Tasalla. Kwarin Maje kuwa bai taɓa taka ƙafarsa ba, yau ma ya fara jin sunan.

Ya ce, "Alhaji, ban san wurin ba. Bari in je in sani."

Ya juya ya nufi tasha. Alhaji Sallau ya bi shi yana magana ƙasa-ƙasa, ya ce ai ba sai ya je ba, ya ce wurin da nisa, ya ce ma ya tuna ba can ba ne. Ya kama masa hannun riga, Korau ya ci gaba da tafiya da shi kamar bai ji an riƙe shi ba. Mutane suka fara juyowa suna kallo, wasu har sun fara biyo su don su ga abin da Korau zai yi yau. Alhaji ya tuna da tulun da ya bari, ya sake shi. Korau ya tambayi motar Kwarin Maje, aka nuna masa wata a-kori-kura da ke lodin buhuna, ya hau ya zauna a kan buhun masara da adakar a cinya.

Sai gab da magariba suka isa, ya kwana a zauren mai unguwa kamar kowane baƙo. Da safe ya fito da adakarsa a ka, ya sami wata mata mai koko, ya gaishe ta, ya tambaye ta ina ne dala ke fitowa a garin nan. Ba ta ko ɗago ba, ta nuna masa da ludayi, ta ce ya bi lungun nan har ya ji ƙarar zuga-zugi, gidan Nomau maƙerin fari ke nan. Ya sake tambayar wani mai aski don ya tabbata, shi ma can ya nuna masa.

Ya tarar da Nomau a tsugune, yana zuba narkakkiyar dalma a cikin wasu 'yan ramuka da ya dandanna a akwatin yashi. Korau ya zauna gefe ya yi kallo. Bayan ɗan lokaci maƙerin ya buɗe akwatin, ya kaɗe yashin, ga matar nan mai kumatu, guda-guda a jere, suna ƙyalli. Korau ya ji daɗi ƙwarai, don ya ga wurin da idonsa. Nomau mutum ne mai son hira. Ya ce kakansa ne ya bar masa dala guda, da ita yake danna yashi, yana yi wa matan Fulani abin adon kitso, kowa ya san dalma ce, a haka yake sayarwa. Sai bana wani Alhaji daga wajen Tudun Ƙirya ya fara saye da yawa, ya ce kada a yi musu huji. Korau ya ce ai ya san shi, amma nasa baƙaƙe ne, sun tsufa, ba irin waɗannan ba. Nomau ya yi dariya ya ba shi amsa. Da zai tafi ya ba shi guda ɗaya kyauta, da sauran ɗuminta, ya kuma ba shi saƙo ya kai wa Alhaji.

Babu mota sai washegari. Korau ya iso gida ranar Juma'a da hantsi, ƙura har gira. Tun daga nesa ya san ya yi laifi, domin an aike shi Laraba ne, kuma ga adakar bai miƙa ba. Tasalla na tsaye a ƙofar gida, idonta ya kumbura. Ta dubi fuskarsa, ta dubi abin da ke kansa, ta dafa bango.

A zaure ya tarar da kawunsa, ya faɗa kamar wanda ya yi jinya, da mai unguwa, da maƙwabta biyu. Alhaji Sallau ma yana nan, da tulun a gabansa. Tun jiya yake zarya, ya gaya wa tsohon cewa Korau ya gudu da adakar, ya ce shi dai yana nan a kan maganarsa in an same ta. Korau ya sauke adakar a gaban kawunsa, ya durƙusa, ya ba da haƙurin jinkiri. Ya ce motar ce babu kullum. Sannan ya ciro sabuwar dalar daga aljihu ya ajiye a kan tabarma.

Ya ce, "Na san wurin yanzu, Kawu. Daga cikin yashi suke fitowa, a gidan Nomau maƙeri. Ya ce sababbi yake ba Alhaji, tsufan a gidan Alhaji suke yi."

Ya juya wajen baƙon ya ce Nomau na gaishe shi, ya ce a gaya masa na mako mai zuwa sun kusa.

Malam Shekarau ya ɗauki sabuwar dalar ya kai ta kusa da ido. A haɓar matar akwai wani ɗan tabo, kamar inda wuƙa ta taɓa karta. Ya jawo tulun, ya kwance tsumman da kansa, ya tura hannu har gwiwar hannu ya ɗebo daga ƙasa. Ya shafa ta farko da babban yatsa, toka da kanwa suka fita, ga tabon a haɓa. Ta biyu ma haka. Ya miƙa wa mai unguwa, mai unguwa ya duba ya miƙa wa na kusa da shi.

Alhaji Sallau ya ce zai ɗan zaga ya yi alwala. Mai unguwa ya ce ai akwai buta a nan, kuma da sauran lokaci kafin Juma'a, ya zauna tukuna. Maƙwabtan biyu suka gyara zama a bakin ƙofa.

Korau ya duba fuskokin mutane bai gane komai ba. Ya matsa kusa da kawunsa ya tambaya a hankali ko yanzu ya miƙa adakar, tunda ya san wurin. Tsohon ya ɗora tafin hannunsa a kan murfin. Ya ce a'a, ya kai ta ɗaki ya tura ƙarƙashin gado, can ƙurya. Sannan ya ɗaga murya ya ce wa Tasalla ta sa a yanka babban zakaran nan.

Da aka kawo abinci, Malam Shekarau ya tsame cinyoyin biyu da hannunsa ya sa a kwanon Korau. Korau ya dubi naman, ya dubi kawunsa. Shi a saninsa ya yi kwana biyu a aiken yini ɗaya, kuma har yanzu ba wanda ya yi masa faɗa. Ya ja kwanon gabansa ya sunkuyar da kai, ya ci da sauri, kafin wani ya tuna.